Wai ni ce baƙuwa a gidana

Assalamu alaikum Tanti,

Daga Damagaram nake rubuto miki, raina a ɓace. Maigidana ya kira ni baƙuwa. A gaban mahaifiyarsa ya faɗa, daren Juma'a, na shigo ko takalmi ban cire ba: "Hajiya, ga baƙuwarmu ta iso." Hajiya ba ta tsawata masa ba, sai cewa ta yi a kawo wa baƙuwa ruwa. Tanti, ni ce baƙuwa? A gidan da nake zuba albashina jika 60 duk ƙarshen wata?

Ni ce mai riƙe kes a wani kamfanin aika kuɗi, kusa da Kasuwar Dole. Ƙarfe 7 na safe nake isa in karɓi kuɗin fara aiki in ƙirga, a buɗe ƙofa 7 da rabi. Ana rufe wa mutane ƙofa ƙarfe 8 na dare, amma rufe ƙofa ba tashi ba ne. Sai an haɗa lissafi, abin da ke cikin mashin ya yi daidai da abin da ke cikin akwati, shef ya sa hannu. In an yi sa'a ƙarfe 9 ta yi mini a bakin hanya ina neman kabu-kabu. In rezo ya yi gardama, ko ranar Alhamis da kasuwa ke ci, ko gab da Salla lokacin da 'yan ci-rani ke turo kuɗi daga Libiya da Aljeriya da Najeriya, sai yadda Allah ya yi. Salla da abinci in an haɗa su duka ba su wuce awa ɗaya ba. Litinin zuwa Asabar ke nan. Lahadi kuma muna karɓa-karɓa da abokiyar aikina, daga 8 zuwa 2. In dala ɗaya ta ɓace a lissafi, a albashina za a cire. Takarda ba mu taɓa yi ba, da baki aka ɗauke ni, ai kowa haka yake.

Duk wannan ban kai kuka wurin kowa ba, aiki ne. Abin da ke ci mini rai shi ne kalmar nan. Shi da la'asar yana gida, ya yi wanka ya tafi fada shan shayi, sai ya ga dama ya dawo, ba wanda ya taɓa ce masa baƙo. Ni da nake tsaye tun asuba ni ce baƙuwa. Kuma ba wai an bar gidan ba ne. Nana tana nan, ta girma, shekararta 11, ita ke ɗora tukunya in ta taso lakkol, in pampo ya kawo ruwa cikin dare ita ke tashi ta tara bido, tunda ni in na kwanta kamar gawa nake. Mushensu ya aiko wai tana barci a aji, na ce yaran yanzu ne da son jiki. Tuwo bai taɓa fashi ba, tufafinsa a wanke suke. To mene ne ya rasa da zai kunyata ni gaban uwarsa?

Biki ba na zuwa, suna ba na zuwa, gaisuwar mutuwa ma sai dare. Dangina sun yi mini uzuri, shi da ke cin moriyar aikin bai yi ba. Tun ranar ban yi masa magana ba sai gaisuwa. Tanti, in ajiye aikin ya ga yadda ake riƙe gida da albashi ɗaya, ko in yi yaji har sai ya janye kalmarsa? Don wallahi baƙuwar nan ta tsaya mini a wuya.

Maman Nana, Garin Malam

Wa alaikumus salam ɗiyata,

Ban ji ta bakin maigidanki ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Kalmar da ya faɗa ba ta da daɗi, faɗarta gaban Hajiya ya ƙara mata ɗaci, kuma kina da haƙƙin ya ba ki haƙuri. Amma ba a nan idona ya tsaya ba. Ya tsaya a kan Nana, wadda kika ambata kika wuce da sauri.

Yarinya 'yar shekara 11 ba ta girma ba. Likitocin yara suna cewa mai shekarunta na bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a dare. Wadda ta yi girki da yamma, ta jira shigowar uwarta bayan ƙarfe 9, aka tashe ta tsakar dare ta ja bido mai lita 25, dole kanta ya faɗi a kan tebur da hantsi. Ba son jiki ba ne. Mushen da ya aiko ya yi miki alheri, ki je ki same shi ki yi masa godiya. Awoyin da kamfani ke karɓa a hannunki kyauta, Nana ce ke biyan su da barcinta da karatunta.

Mu ƙirga su. Daga 7 na safe zuwa 9 na dare awa 14 ne, cire ɗaya ta salla da abinci, saura 13. Kwana shida, awa 78. Satin da Lahadi ta faɗo kanki, 84, kuma a wannan satin ba ki da ranar hutu ko ɗaya. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta tsayar da satin aiki a awa 40. Ta wajabta hutun awa 24 a jere duk sati, da konje na kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara da albashi. Abin da ya haura awa 40 ƙarin aiki ne, ana biyansa da farashi sama da na awar yau da kullum, na dare da na Lahadi kuma sun fi tsada. Akwai sana'o'in da ake ƙirga zamansu daban, irin su gadi, sufeton aiki ne zai faɗa miki inda naki ya faɗa.

Awa 40 a sati na ba da kamar awa 173 a wata. Raba jika 60 da 173, awarki ta kama kusan sefa 347. Awa 38 da kike ƙarawa duk sati, ko da farashin yau da kullum aka biya su ba tare da ƙari ba, sun kai kusan jika 57 a wata. Albashi biyu kike yi wa aiki, ɗaya ake ba ki. Ga kuma jiki: binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100 a kan mai yin 35 zuwa 40.

Kada ki ajiye aikin cikin fushi, kada ki yi yaji. In kin tafi gidanku Nana za ki bar wa tukunyar duka.

Ki fara da ƙaramin kaye. Kullum ki rubuta kwanan wata, lokacin isa, lokacin da shef ya sa hannu, da duk abin da aka cire miki da dalilinsa. Ki adana saƙonnin waya da ake kiranki aikin Lahadi da su. Ɗaukar aiki da baki ba ta soke haƙƙinki ba, sai dai tana sa hujja ta yi wuya, kayen nan shi ne hujjarki. Ki nemi takardar albashi duk wata, ki kuma tambaya ko an rubuta ki a CNSS, wato asusun fansho da haɗarin aiki na ma'aikata. In ba ki da lamba, duk shekarun nan ba abin da ake tara miki na tsufa, in haɗari ya same ki a kan kabu-kabu kina dawowa daga aiki ba mai ɗaukar nauyinki. Bayan wata guda ki ɗauki kayen ki je ofishin sufeton aiki na Damagaram neman shawara. Zuwa tambaya ba kai ƙara ba ne, kuma ko an kai ga ƙara, sulhu sufeto ke fara nema kafin a je gaban alƙali. Kada ki ja lokaci, bashin albashi yana da wa'adi a doka.

Gaskiya ita ce mai tada maganar nan ita kaɗai tana iya rasa aikinta, masu jiran kujerarki suna da yawa. Don haka ki haɗa kai da abokiyar aikinki, ku je wa patron da abin da zai amfane shi. Ku raba yini biyu, ɗaya 7 zuwa 2, ɗaya 2 zuwa 9, kuna musanyawa duk sati, ranar Alhamis da ƙarshen wata ku haɗu a tsakiyar rana inda layi ya fi tsawo. Wurin miƙa kes a ƙirga kuɗi gaban ku biyu, kowa ta sa hannu. Ki duba kayenki za ki ga lokacin da giɓin lissafi ya fi zuwa. Mai kes da ta yi awa 11 a zaune ita ce ke haɗa takardun jika goma guda biyu ta miƙa a matsayin ɗaya, ita ce ke sake biyan kuɗin da rezo ya katse ba ta duba ko ya wuce ba. In an haɗa lissafi sau biyu a yini, kuskuren safe ana kama shi da azahar, mai kuɗin bai yi nisa ba.

Yanzu maigida. Na ce ba zan yanke masa hukunci ba, amma namijin da ke gida tun la'asar, yana kwance ɗiyarsa na jan ruwa tsakar dare, bai kamata bakinsa ya yi saurin ba'a ba. Ruwan gida yana cikin abin da aure ya ɗora masa. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, ba laifinsa ba ne pampo ya zo da dare, amma ko ya tashi da kansa, ko ya yi ciniki da mai ga-ruwa na wata-wata, ko ya sayo tano a cika a rufe. Ku iyaye masu karanta shafin nan, da ku nake, maza da mata: duk gidan da babba ya ce "ai yarinya ta girma" don ya samu sauƙi, ya je ya duba kayen makarantarta. 'Yan matanmu da yawa ba korarsu ake yi daga lakkol ba, gajiya ce ke fidda su a hankali, sai a ce ba su da ƙoƙari.

Ki same shi ku biyu, ba gaban Hajiya ba, kuma kada ki buɗe da maganar baƙuwa. Ki ajiye masa saƙon mushe, ki ajiye lissafin awa 78, ki ce daga daren yau Nana ba ta ƙara tashi ruwa, ki tambaye shi wa zai tashi. Girkin yamma kuwa ki ware wani abu daga albashinki ki ɗauki babbar mace mai taya aiki, kafin maganar raba yini ta tabbata. Daga baya ki gaya masa kalmarsa ta yi miki zafi, ki nemi ya gyara ta a gaban wadda ya faɗa.

Tanti