Wace bindiga ce ta fi saiti don kurege da harbin allo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙasar Daura, ina noman gyaɗa da wake. Kurege da gafiya sun addabe ni, ga dila da ke ɗauke mini kaji. Ina kuma sha'awar harbin allo. An ce mini bindiga mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, ta fi saiti. Wace iri zan nema? Kuma mai babban harsashi ta fi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare amfanin gona.

Wanda ya gaya maka mai sakata ta fi saiti bai yi ƙarya ba. Sakatar tana kulle harsashi daram a mazauninsa, kuma lokacin da harbi ya tashi babu wani babban ƙarfe da ke kai da komo a cikinta. Tsarin da kamfanin Mauser ya fitar a Jamus a 1898 shi ne tushen da yawa daga cikin na yau.

Amma kafin ƙarfe akwai takarda. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar farauta irin wannan a rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ba kamar bindigar toka ba, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Dokar ta kuma lissafa masu awon faɗin harsashi 7.62mm da 9mm da .300 da .303 cikin haramtattu, na soja. To .308 da ake yawan yabo a intanet awonta 7.62 ne, ka cire ta daga rai. Akwai lokutan da ake dakatar da ba da lasisi gaba ɗaya, don haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda a Katsina ka ji halin da ake ciki. A yanayin tsaron jiharmu, a kama mutum da bindiga ba takarda ba ƙaramar masifa ba ce.

Batun babban harsashi kuwa, a'a. Don aikin da ka faɗa, mai ƙaramin harsashi da ake kira .22 LR ta ishe ka. Ba ta dukan kafaɗa, ƙararta kaɗan ce, harsashinta ya fi araha, kuma daga mita 50 zuwa 75 kurege ba shi da ta cewa. Mai koyon harbi da babbar bindiga yakan koyi runtse ido da zabura kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar raba mutum da ita. Akwai .17 HMR da kamfanin Hornady ya fitar a 2002, tana tafiya a miƙe har bayan mita 100, sai dai ta fi tsada. Dila kam ya ɗan fi ƙarfin .22 idan da nisa, kuma raunata dabba a bar ta tana wahala ba halin maharbi ba ne. Maganinsa shi ne ka gyara akurkin kajinka.

Cikin bindigogin .22 masu sakata da suka yi suna akwai CZ 457 ta ƙasar Cek, da Tikka T1x ta Finlan, da Mark II ta kamfanin Savage na Amurka. Ni na fi karkata ga CZ saboda juriyarta, amma duk ukun sun fi yawancin masu riƙe su iya harbi.

Idan an miƙo maka ita, fara da kunama. Ka nemi wadda ke sakewa tsaf ba tare da jan ƙafa ba, nauyin janta wajen kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai tauri tana karkatar da bakin bindiga daidai lokacin da harsashi zai fita. Sai bututu: mai kauri ya fi tsayuwa a kan saiti, ya fi jinkirin ɗaukar zafi, amma za ka ji shi a kafaɗa idan kana zagaya gona. Ya kamata kuma bututun ya kasance bai taɓa katakon da ke ƙarƙashinsa ba. Zura takarda tsakaninsu, in ta wuce sumul, madalla. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin katako yana kumbura da damina ya motse da hunturu, saitin da ka yi a Agusta ya gudu a Janairu. Shi ya sa jikin roba ya fi dacewa da mu, ko da bai kai na katako kyau ba.

Kada ka zuba kuɗinka duka a bindiga ka sayi madubin hange na banza. Mai ƙara girma sau 3 zuwa 9 ya wadatar, muddin maɗauransa ba sa kwancewa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kowace .22 tana da harsashin da take so. Ka gwada iri biyu ko uku daga dillalin makamai mai rajista, ka ɗora bindigar kan buhun yashi, ka yi harbi biyar-biyar a mita 50 da sassafe kafin iska ta taso. Wanda ramukansa biyar suka taru har murfin kwalbar lemo ya rufe su, shi ne naka. Sau da yawa mai matsakaicin gudu, wajen mita 330 a daƙiƙa, ya fi mai tsananin gudu haɗa ramuka. Da hunturu ka riƙa goge sakata, kada ka cika mata mai, ƙura na manne masa.

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, kuma harsashin .22, duk ƙanƙantarsa, yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, yana kuma tsalle idan ya bugi busasshiyar ƙasa ko dutse. Allonka ya jingina da tudun yashi mai kauri. A gona kuma, in ba ka ga inda harsashin zai tsaya ba, ko akwai makiyaya da yara a bayan dawa, ka ƙyale kuregen ya tafi. A gida ka kulle bindiga wuri ɗaya, harsashi wani wuri dabam.