Za Mu Buɗe Sashen Koyon Sana'a a Sakandarenmu, Ta Ina Za Mu Fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ce shugabar wata sakandare mai zaman kanta a Agege, kuma galibin ɗalibanmu 'ya'yan 'yan Arewa ne mazauna Legas. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda yara ke zubewa da zarar sun gama aji uku na ƙaramar sakandare. Maza a tura su kasuwa, mata a zaunar da su gida. Iyaye na cewa ga masu digiri nan suna gararamba, a kan me za su ci gaba da biya. Kwamitinmu ya yanke shawarar buɗe sashen sana'a a zango mai zuwa. Wani mutum ya ce zai kawo mana kwamfutoci da kekunan ɗinki, kuma zai riƙa ba yara takardar shaida "ta ƙasa da ƙasa". Shirinmu mu tura yaran da karatu ke yi wa nauyi can, mu rage musu lissafi da kimiyya. Kuɗin iyaye ne aka tara, ina tsoron kada mu zubar da shi.

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoron nan naki yana kan hanya, don haka ki riƙe kuɗin tukuna, kada kobo ya fita.

Mai kwamfutocin nan tambaya ɗaya za ki yi masa: wace hukuma ce ke shirya jarrabawar da ke kaiwa ga takardar tasa? Takardun da ake ganin girmansu a ƙasar nan sanannu ne. Akwai darasin sana'a cikin WAEC da NECO. Akwai NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci mai hedikwata a Benin, wadda ke ba da NTC ga masu aikin hannu da NBC ga masu fannin kasuwanci, kuma ana neman gurbin karatu da su ta JAMB. Akwai tsarin shaidar ƙwarewar sana'a na ƙasa, wato NSQ, a ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, ga kuma gwajin sana'a mai mataki uku na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Takardun waje na gaskiya ma suna nan, irin ta City and Guilds ta Ingila, amma kowace tana da cibiyoyin da ta amince da su, ana iya bincikawa. In ya fara kame-kame, to kwali ne za a bugo a Shomolu a manna masa tambari mai ruwan zinare. Irin mutanen nan sun gajiyar da ni. Kaya suke son sayarwa, takardar kuwa ƙugiya ce kawai.

Ko da mai gaskiya ne, ba da sayen kaya ake farawa ba. Ƙasar nan ta riga ta gwada hakan a farkon shekarun 1980, lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4. Aka yi odar injinan koyar da fasaha daga waje aka rarraba wa makarantu, da yawa suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu.

Wajen zaɓen sana'a, ki lura manhaja ta sauya. Wadda hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fito da ita a 2011 tana da darussan sana'a 34. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da taƙaita su zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki da zanen tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noman lambu da amfanin gona. Ki ɗauki biyu, kada ki wuce haka, kuma ki bar unguwarku ta zaɓa miki. Daga Agege zuwa Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta a Ikeja, tafiya ce gajeruwa, mayankar Oko-Oba kuwa a ƙofar gidanku take, kuma iyayen ɗalibanki da dama a harkar dabbobi suke ci. Sola kuma, wa ya rage a Legas da bai gaji da kuɗin man janareto ba?

Yanzu bari in zo kan jimlar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, wato ta tura yaran da karatu ke yi wa nauyi, a rage musu lissafi. Hajiya, ki yi haƙuri zan tsananta, domin kusan duk mai makarantar da ya zo wurina da wannan tunanin yake zuwa. Mun ɗauka sana'a wurin jibge wanda boko ya gagara ce. Wannan tunanin shi ke kashe sashen tun kafin a buɗe ƙofarsa, wani lokaci ma har rai yake ci.

Ɗauki yaron da za a koya wa sola. Mai gida ya ce masa ga batir mai bolt 12, amfiya-awa 200, awa nawa zai riƙe mini kaya masu jan wat 300? Dole yaron ya ninka 12 da 200 ya samu 2,400, ya san cewa batir na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, saura 1,200, ya raba da 300 ya samu awa huɗu, sannan ya rage abin da inbata ke ci. Wanda aka cire wa lissafi zai ce wa mai gida "zai kwana", batir ya mutu cikin 'yan watanni, a yi ta rigima. Wannan ma da sauƙi. In bai san auna kaurin waya daidai da wutar da za ta ɗauka ba, waya ta yi zafi cikin silin, gobara ta tashi tsakar dare a gidan haya mai ɗakuna a jere. Wa ya jawo? Makarantar da ta ce wannan yaron ba ya buƙatar lissafi.

Haka ɗinki. Yarinyar da za ta yanka riga sai ta raba awon ƙirji gida huɗu, ta ƙara na sakewa da na ɗinki, tana aiki da rabi da kwata na inci duk yini. Sai ta lissafa yadi da zare da wuta da lokacinta kafin ta faɗi farashi, in ba haka ba ta shekara tana aiki uwar kuɗi na narkewa. Mai kiwo yana ba da magani gwargwadon nauyin dabba, kuma dole ya iya karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda za a jira kafin a yanka ta ko a sha nononta. Mai gyaran waya da mitar auna wuta yake aiki, zanen allon wayar kuma da Turanci yake zuwa. Kwalliya fa? Ki dubi masu haɗa man bilicin a bokiti suna tallarsa a intanet, ki ga abin da jahiltar sinadari ke yi wa fatar mata. A cikin shidan nan, wacce ce ba ta son kai?

Sannan yara ba wawaye ba ne. Ranar da kika karanto sunayen waɗanda suka zo ƙarshe a jarrabawa kika ce su koma sabon sashe, kafin a tashi an raɗa masa suna ajin daƙiƙai. Mai ƙoƙari ba zai leƙa ba ko da hannunsa na ƙaiƙayin aikin. Alhajin da ya fi kowa ɗaga murya a taro yana neman a koyar da sana'a, shi zai fara zuwa ya ce ban da ɗansa. Malamin sashen ma sai ya zama abin raini a ɗakin malamai. Wanda aka tura kuwa ya riga ya ji hukuncin da aka yanke masa, ba zai koyi komai da zuciya ɗaya ba.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika yi ba: me ya sa karatun ke yi masa nauyi? Yaronmu na Legas Hausa yake ji a gida, Yarbanci da broka a titi, Turanci a aji. Wani sai da ya yi shekaru a makarantar allo a Arewa kafin a kawo shi, ya haddace izu masu yawa, amma an sa shi aji ba tare da ya ƙware a karatun boko ba. Wanda ya riƙe wannan hadda ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Karatun Turanci ne bai zauna ba, maganinsa kuma darasin ƙarin karatu ne, ba keken ɗinki ba. In kika rage masa lissafi da kimiyya yana ɗan shekara goma sha huɗu, kin rufe masa ƙofar Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Ikorodu, domin fannin injiniya ba ya karɓar wanda ba shi da kiredit a lissafi da Turanci da fiziks. Wa ya ba mu ikon yanke wa ɗan mutane wannan hukunci? Ko Jamus da ake ta ba mu misali da ita, mai koyon sana'a a kamfani yana komawa aji wasu ranaku, ba a sallame shi daga karatu ba.

Abin yi shi ne kowane ɗalibin babbar sakandare ya ɗauki sana'a ɗaya, na ɗaya a aji da na ƙarshe, kowa da cikakken lissafinsa da Turancinsa. Wanda ya nuna sha'awa ta musamman a ƙara masa awannin aiki da rana ko ranar Asabar. Shiga ta zama da zaɓin yaro da yardar iyaye, bayan an bar shi ya ɗanɗana duka sana'o'in biyu.

Malami shi ne inda kuɗinki ya kamata ya fi tafiya. Ki nemo gwani mai cin abinci da sana'ar a yau, ki haɗa shi da malamin aji da ya san tsara darasi da manhaja. Gwanin ba zai bar shagonsa don albashin malamin makaranta ba, sai dai ki ɗauke shi na wasu awanni a mako, ki biya shi da daraja. Ki kuma ware kuɗin kayan da ke ƙarewa, yadi, zare, dalmar liƙi, waya, man janareto. Nan ne yawancin makarantu ke tsayawa a zango na biyu, kekuna na nan a jere amma babu ƙyallen da za a ɗinka.

Tura yara wurin masu shago lokacin hutu yana da kyau, amma a rubuce: abin da za a koya, awa nawa, wa zai riƙa leƙawa. In ba haka ba yaro zai ƙare hutunsa yana sayo wa oga abinci. 'Yan mata kuma a kai su wurin mata, biyu-biyu, a inda iyaye suka je suka gani da idonsu.

Batun hukuma, ki rubuta wa ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha, wanda ke sa ido kan makarantu masu zaman kansu, ki kuma nemi shawarar LASTVEB, hukumar da ke riƙe da kwalejojin fasaha biyar na jihar a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba. Ta Agidingbi ce kusa da ku, ki kwashi 'yan kwamitinki ku je ku ga yadda ɗakin aiki na gaske yake. Takarda ba ta sauri a kowane ofishi, kuma duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce zai "taimaka" ta fito da wuri, ki wuce shi. Tunda manhaja na cikin sauyi, ki tabbatar a rubuce daga hukumar jarrabawa cewa darasin da kika zaɓa za a yi jarrabawarsa a shekarar da ɗalibanki za su fita.

Duk wannan ba zai kammala kafin zango mai zuwa ba. Ki kira taron iyaye, ki nuna musu kuɗinsu yana nan cikin asusu, ki gaya musu za a fara da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare a watan Satumba, farkon sabuwar shekarar karatu.