Amsar Gwaggo kan tabarmar kaba da ta yi tabo

Assalamu alaikum, ɗiyata. Ya gida, ya maigidan, ya su Hajiya? Saƙonki ya iso. Kin ce ranar da baƙi suka zo ganin ɗaki miyar manja ta zube a tabarmar kaban da Inna ta sa miki cikin kaya, ɗan wata baƙuwa kuma ya yi fitsari a gefe. Kin ɗauko baho da Omo da Hypo za ki jiƙa ta, surukarki ta riƙe hannunki ta ce ba a wanke tabarmar kaba. Shi ne kike tambaya ko camfi ne, kuma ko salla ta halatta a kanta.

Hajiya ta yi miki gata, ki gode mata. Maganarta ba camfi ba ce, gajarta miki ita kawai ta yi. Abin da manya ke hanawa shi ne jiƙawa, a tsoma tabarma a ruwa ta kwana.

Kaba ganyen goriba ne. Idan kin taɓa bi ta Mayahi a jihar Maraɗi, akwai kwarin da sunansa ma Gulbin Kaba, saboda yawan goribar da ke cikinsa, Madawa ta jihar Tawa kuwa ta yi suna da saƙar tabarmi. Masu saƙa kan tsaga ganyen su shanya, su ɗan yayyafa masa ruwa ya yi laushi, su kitsa shi dogo-dogo, sannan a harhaɗa kitson ya zama shimfiɗa. Kin ga ke nan kaba ta san ruwa tun tana hannun mai saƙa. Daɗewa a cikinsa ne ba ta jurewa. Ganyen ya sha ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, sai mahaɗin ya saki, tabarma ta karkace ta ƙi kwanciya. Ga rini kuma. Jan nan da aka ƙawata bakinta da shi, da can karan dafi ne, yanzu galibi galura ce, kuma duk biyun suna zuba. Ni da kaina na yi wannan ɓarnar ina amarya. Na jiƙa wata mai ratsin ja da baƙi, da safe na tarar jan ya malale cikin farin, bayan kwana uku ta fara warin funfuna domin damina ce. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, ta dai juya ta ta nuna mini inda mahaɗin ya buɗe, yatsanta na shiga ciki. Har yau ina jin zafin abin.

Hypo kuwa kada ya kusance ta. Yana cinye ganye, wurin ya yi fari fat, ya riƙa karyewa kamar busasshen kara.

Mu fara da fitsarin, shi ya fi muhimmanci. Tabo daban, najasa daban, kuma 'yan zamaninku na yawan haɗa su. Manja ba najasa ba ne, ko tabonsa ya zauna har abada sallarki ta yi. Fitsari najasa ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya na jariri ma wankewa ake yi, namiji ne ko mace. Abin da ke gusar da shi ruwa ne tsarkakakke wanda ba a gauraya da komai ba. Ki rataye tabarmar a igiya yadda gefen da ya ɓaci zai kalli ƙasa, ki ɗauki buta ki kwarara a wurin kaɗai, ki ci gaba har ruwan da ke sauka ya fito garau, ba launi ba zarni. In kin sa sabulu, to ruwa zalla ya zama na ƙarshe. Malamai sun ce launi ko ɗan warin da ya gagara fita bayan an yi ƙoƙari an yafe shi. Sun kuma ce idan najasa na can gefen tabarma, jikinki bai taɓa wurin ba, salla ta inganta. Bayan haka ki danna tsumma busasshe ya tsotse ruwan, ki bar ta a rataye inda iska ke kaɗawa. Kada ki naɗe ta sai kin taɓa bayanta kin ji ba sanyi ko kaɗan.

Manja shi ke son haƙuri. Da a lokacin ne, da sai ki kwashe miyar da cokali ba tare da gogawa ba, domin guga tura mai take yi cikin saƙa. Yanzu tunda ya kwana biyu, ki tankaɗe toka mai sanyi, ko dusa, ko garin masara, ki tula a wurin ya rufe ruf, ki danna da tafin hannu, ki bari ya kwana. Da safe ki kakkaɓe, za ki ga garin ya yi ja ya dunƙule, man ne ya sha. Ki maimaita sau 2 ko 3. Tokar dai a bushe, kin ji? In ruwa ya taɓa ta ta zama ruwan toka, shi kuwa kaifinsa irin na kanwa ne, yana mayar da kaba ruwan ƙasa. Daga nan ki kaɗa sabulun salo kaɗan, ki ɗebi kumfar kawai da tsumma, ki shafa kina bin yadda saƙar ta kwanta, ki goge da wani tsumman mai ɗan danshi. Sauran jan da ya rage rana ce maganinsa, tana kashe launin manja. Ki shimfiɗa ta a hantsi na kamar awa 1, kwana biyu ko uku a jere, ki ɗauke kafin rana ta take, domin zafin azahar busar da kaba yake yi har ta riƙa tsagewa.

Tunda gidanki gidan baƙi ne, ki san sauran. Goro da shayi ruwan sanyi suke so nan take, da ɗan lemon tsami a ciki. Sabulu da kanwa ƙara musu duhu suke yi. Amma ki fara gwada lemon a bayan tabarmar, a lungu, ki ga ko rini zai motsa. Jini ma ruwan sanyi, na zafi dafa shi yake ya kama. Tawadar allo ba abin damuwa ba ce, gawayi ne da ƙaro, tsumma mai danshi ya isa. Lalle ne kawai in ya kama ya kama, kada ki wahalar da kanki. Buzun maigidanki kada a tsoma shi, fatar ƙanƙancewa take ta yi tauri, gashin kawai ake gogewa. Dardumar ulu kuma ba ta son ruwan zafi ko kanwa.

Kin ce ko ki yar da ita ki sayi ta roba. Ki sayi ta roba don yara da cin abinci, wannan dabara ce, mu ma muna yi. Amma ta kaba ba ta ɗaukar zafi a bazara yadda roba ke yi, kuma a gidajenmu ba a yar da tabarma don ta yi tabo. Sabuwa ta baƙi ce da salla, tana naɗe a jingine a lungun ɗaki, ba a ninke ta, ba a taka ta da takalmi. In ta kwana biyu ta koma ta zaman tsakar gida. In ta tsufa ta zama ta shanyar kuka da kuɓewa da barkono, daga ƙarshe a tare ƙofar akurki da ita. Taki ko matakin farko ba ta bari ba. Inna da kanta ta zaɓe ta, ta ɗaga ta sama ta duba ko haske na ratsa saƙar kafin ta biya.

Ki yi na fitsarin yau tun da rana, tokar kuma ki sa da daddare in wurin ya bushe. Ki gaida Hajiya da kyau, ki faɗa mata na ji abin da ta yi miki, Allah ya saka mata da alheri. In na shigo bayan salla zan duba mahaɗin da idona.

Gwaggonki.