Wace tiyuna za mu sa wa mashin ɗin da aka canza wa salansa?

Toh yarona, ka tambaye ni wai mai babban mashin ɗin nan da ya canza salansa gaba ɗaya tun daga bakin inji ya kuma sa filtar iska mai buɗaɗɗen baki, yanzu mashin na zafi, yana fizga a ƙaramin gudu, in an saki totur yana ta harbi tas tas, wace tiyuna, wato na'urar daidaita yawan man da inji ke sha, za mu ce ya saya. Naji daɗin tambayar wallahi, don da yawa sai dai su ɗaura abinda suka ga wani ya ɗaura.

Fara gane me ya faru tukuna. Mashin mai injekta ba kamar mai kafireta bane da zaka canza jet ka murɗa sukuru a wuce wurin, shi birenbos ne, wato kwamfutar mashin, ke yanke yawan man da za a fesa, daga jadawalin da kamfani ya rubuta masa, wanda muke ce wa maf. Fetur yana ƙonewa tsaf ne in iska ta kai kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, kuma nan kamfani ke ajiye shi a ƙaramin gudu saboda dokar hayaƙi, amma inji ya fi bada ƙarfi wajen 13 ko ƙasa kaɗan. Kaga dama man a takure yake, sai mutumin nan ya buɗe wa iska hanya gaba da baya, birenbos kuma bai san an yi ba, iska tayi yawa mai yayi kaɗan, shine zafin da fizgar. In aka daɗe ana dukan mashin a haka bawul da fistin ne zasu ji a jikinsu.

Amma dan Allah kafin a kashe ko sisi, duba lafiyar mashin ɗin. Gasket ɗin salansa in yana shan iska shi kaɗai ya isa ya kawo harbin nan, haka bututun da ke tura iska cikin salansa a yawancin mashinan Japan, shima yana sa harbi kuma ba ruwansa da ƙarancin mai. Ciro fulogi ka ga kalarsa, duba robar da ke bayan totur ko ta tsage. Tiyuna bata ɗinke roba.

Su tiyunar iri biyu ne manya. Akwai wadda ake goyawa tsakanin birenbos da injekta, kamar Power Commander ta Dynojet ko Rapid Bike, ita tare saƙon take a hanya ta ƙara ko ta rage lokacin da injekta zata zauna a buɗe. Daɗinta in ka cire soket mashin ya koma yadda ya fito daga kamfani. Matsalarta a ƙaramin gudu ne, inda birenbos ke sauraron sansar oksijin ta cikin salansa, kana ƙara mai yana ganin yayi yawa yana ragewa, kuyi ta ja-in-ja, shi yasa dole ka tambaya yadda na'urar take yi da wannan sansar a irin mashin ɗin da ke gabanka, in ba haka ba a sama ta gyaru, a ƙasa inda mai shi ke kuka tana nan yadda take.

Ɗayar kuma filashin ce, kamar yadda ake yi wa waya, ana shiga cikin birenbos ɗin a sake rubuta maf ɗin kansa. Power Vision ta Dynojet da Fuelpak FP3 ta Vance & Hines da masu Harley ke amfani da su haka suke, mashinan Japan kuma akwai manhajar Woolich. Wannan hannunta ya fi tsawo, tana taɓa lokacin wuta ba mai kaɗai ba. Ni a mashin da aka canza wa salansa duka da filta ita nake zaɓa in akwai ta irinsa. Sai dai ka gaya wa mai shi gaskiya tun farko, yawancinsu aure suke da mashin ɗaya, ba a cirewa a kai wa wani haka kawai, garanti na iya tashi, kuma akwai ƙasashen da doka ta hana hawa titi da shi, a Amurka a 2016 sai da Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 a kan tiyunar da take sayarwa.

Abinda nafi so ka riƙe shine maf, ya fi ita kanta tiyunar muhimmanci nesa ba kusa ba. An taɓa kawo min wani mai tiyuna mai kyau sabuwa fil, amma maf ɗin wata salansa daban aka sauko masa daga intanet, fulogi baƙi ƙirin, baƙin mai har warin fetur yake, mai shi na ta zagin na'ura alhali ba laifinta. Don haka ka rubuto sunan mashin, shekararsa, irin salansar da filtar, ka duba wane kamfani ne ke da maf ɗin wannan haɗin daidai, kuma soket ɗinsa ya shiga ba sai an yanka waya ba. In babu, toh sai daino, wato na'urar da ake ɗora mashin a kai ana gwada shi ana saita masa maf, ko a haɗa da wadda ke gyara kanta da sansa mai faɗin karatu, don sansar oksijin ta kamfani a kusa da 14.7 kawai take gani da kyau.

Gobe da safe ka fara da gasket da fulogin, ka kawo min fulogin in gani da idona kafin mu kira mai shi.