Yadda za ka shawo kan manoman ƙungiyarku

Ɗan'uwa, ka ce kana so manoman shinkafa na ƙungiyarku a Argungu su yarda a haɗa kuɗi a sayi famfon sola, amma sun ƙi saurarenka. Aristotal, wani masanin falsafa na ƙasar Girka, ya daɗe da faɗa, sama da shekara 2,300, abu uku ke jan mutane: halin mai magana, abin da ke taɓa zuciya, sai hujja.

A wajenmu dai hali shi ne gaba wallahi. In an san ka da cin kuɗin adashi, ko da bakinka ya fi zuma ba mai sa sisi, to ka fara ajiye naka kason a gabansu, kuma ka nemi dattijon da suke jin maganarshi ya zauna kusa da kai.

Kar ka tsoratar da su, ka tuna masu ranar da fetur ya yanke ana tsakar noman rani, shinkafa ta fara fidda kai ƙasa na tsagewa, kowa ya san zafin wannan. Sannan ka fiddo takarda, nawa kowa ya ƙona a mai bara, nawa ne famfon, kaka nawa zai mayar da kuɗinshi. Bari su buga lissafin da wayarsu.