Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Bashi

Wasiƙun da suka taru mini a wannan makon kusan duk maganarsu ɗaya ce, bashi. Na zaɓi huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a Mabera, Sakkwato. Manhajojin rance uku ke bi na kuɗi, ga mai shagon unguwa, ga wani abokin aikina. Abin ya faro da naira 20,000 da na ci lokacin da ɗiyata ta kwanta asibiti, aka ce in mayar da 26,000 cikin mako biyu. Tun daga nan nake cin wanga in biya wancan. Makon jiya masu manhajojin sun tura wa surukina saƙo cewa ni ɓarawo ne. Uwargida ba ta san komai ba. Baba, in sayar da mashin ɗina ne, ko in ci bashin banki a kan albashi in rufe su gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya, Ya sauke maka wannan nauyi.

Kafin mashin da banki akwai maganar da ta fi su gaggawa. Saƙon da ya kai ga surukinka ya riga ya kama hanyar ɗakin matarka. Gara ta ji daga bakinka yau da daddare, da a kira ta gida a faɗa mata. Za ta ji zafi, wataƙila har ta yi kuka, amma ita ke riƙe da cefane, kuma tsarin biyan bashi ba ya tsayawa a gidan da mai girki ba ta san abin da ya sa aka rage nama ba.

Na san abin da nake faɗa. Shekarun baya, ina aikin akawu, jinyar mahaifiyata da ginin da na soma ba shiri suka haɗu suka danne ni. Na bar masallacin layinmu na koma wani mai nisa don kada in haɗu da mai hatsin da ke bi na. Wani aminina ya lura. Bayan Isha'i ya zaunar da ni gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya yago takarda daga littafin makarantar ɗansa, ya ce in riƙa faɗin sunaye yana rubutawa da hasken tocila. Sau biyu ina cewa shi ke nan, yana cewa "saura wa?", kuma sau biyu ana samun saura. Da ya haɗa jimla, kuɗin da yawa, amma ba su kai dodon da nake kwana da shi a rai ba. Daren nan na yi barcin da na yi watanni ban yi irinsa ba.

Kai ma mutanenka nake so ka nema, biyu ko uku, masu riƙe sirri. A samu babba guda wanda ake jin kunyar idonsa, kawunka ko limaminku, da wanda ya iya lissafi, in da hali kuma da wanda ya taɓa shiga bashi ya fita, don shi ba zai yi maka kallon sakarai ba. Su rubuta komai: wa ke bin ka, nawa ne uwar kuɗi, nawa aka ɗora a kai, yaushe wa'adi. Sannan ka yi musu alkawari guda, cewa ko sisin kwabo ba za ka sake ranta ba sai ka kira ɗayansu. Wannan alkawarin shi ne maganin ciwonka, domin manhajar nan da tsakar dare take cin mutum, lokacin da yake shi kaɗai da wayarsa da fargabarsa.

Dubi lissafin da ka ba ni. Ruwan naira 6,000 duk mako biyu, wato 12,000 a wata. In ruwan kaɗai kake biya, wata biyu ka zuba 24,000, ka wuce abin da ka karɓa, kuma 20,000 ɗin tana nan daram. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fahimci hikimar haramta riba a aya ta 275 ta Suratul Baƙara.

Cin mutuncin da suka yi maka kuwa, doka ba ta ba su dama ba. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta intanet su yi rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutum, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Ka ɗauki hoton saƙon da suka tura wa surukinka, ka kai ƙorafi FCCPC. Ka shiga saitin wayarka ka janye musu izinin ganin lambobi. Ka rubuta musu cewa uwar kuɗin tana wuyanka kuma za ka biya kashi-kashi, ka nemi su sauke tarar da suka jibga. Abin da ka karɓa dai haƙƙi ne, sai an mayar.

To, mashin ko banki? A wannan makon babu ko ɗaya. Mashin ɗin shi ke kai ka makaranta, kuma bayan La'asar yana iya yin kabu-kabu ya kawo kuɗin cefane. Idan ka sayar, kuɗin abin hawa zai buɗe maka sabon rami. Bashin banki kuma ka san da cewa tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire kuɗinsu daga duk wani asusun da ke ɗauke da lambarka ta BVN idan ka kasa biya. Abin da na fi so shi ne babban nan da ka zaɓa ya tara 'yan'uwa a haɗa maka rance marar ruwa da zai kashe manhajojin uku, a tura musu kai tsaye ba ta hannunka ba, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni. In wurin aikinku akwai ƙungiyar taimakon kai da kai, a tambaye su. Mai shago da abokin aikinka kuwa ka je musu da ƙafarka, da rakiya, ka faɗi abin da za ka iya duk ƙarshen wata, ko da kaɗan ne, ka cika.

Tambaya: Malam, ni mai ɗinki ce a Runjin Sambo. Na shiga adashe uku, duk na yi kwasar farko na yi wa ɗiyata kayan ɗaki. Yanzu zubin sati ya kai 15,000, abin da keke ke kawowa bai fi 10,000 ba. Mu biyar ne masu irin wanga hali, muna son mu haɗa kai mu fitar da juna. Mi za mu yi kada mu ƙara nutsewa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sanya alheri a auren, Ya ba su zaman lafiya. Shawarar da kuka yanke mai kyau ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai ku fara yarda da abin da mata da yawa ba sa son ji: wadda ta kwasa a ƙarshe ajiya ta yi, wadda ta kwasa a farko bashi ta ci, ko da ba a kira shi da sunansa ba. Bashi uku ke kanki ke nan.

Ku tsaya a ku biyar ɗin, kada ku ƙara kowa. Ku sa rana guda a mako, kowace ta faɗi gaskiyar abin da ake bin ta, a rubuta. Wadda ta fitar da maganar wata waje ta fita daga tafiyar, ku faɗi wannan tun zaman farko. Ɗan abin da za ku riƙa zubawa ya zama wanda ba zai sa wata ta je rance don ta cika ba, ko naira 1,000 ce. Kuma kada kuɗin ya kwana a hannun kowa, kada a damƙa wa mai rabon satin ta tafi gida da shi. Mutum biyu su ɗauka su kai wa wanda ke bin ta a ranar, a gabanta. Kuɗin da ya shiga ɗaki da sunan biyan bashi yakan tarar da omo ya ƙare, yaro na zazzaɓi, maƙwabciya ta haihu.

Akwai amfanin haɗin kan nan da ya fi kuɗin. Idan aka kawo anko, ke kaɗai ba za ki iya cewa a'a ba, za a ce baƙin ciki kike yi. Amma in kika ce "ƙungiyarmu ta hana mu anko har sai mun gama biya," kin sami inuwar fakewa, kuma gaskiya kika faɗa. Ku yi wa kanku wannan doka a kan anko da kayan dillaliya da sabon adashe.

Giɓin 5,000 da ke tsakanin zubinki da samunki kuwa ƙungiya ba za ta toshe shi ita kaɗai ba. Ki ɗauki babbar cikinku ku je wurin iyayen adashen tun kafin ranar zubi, ki nemi a sassauta miki a ɗaya daga ciki, ki riƙa ba da rabi har ki cike. Uwar adashe ta fi son mai zuwa da rabi a kan mai kashe waya. In akwai abin da za a iya sayarwa a ɗakinki wanda ba keken ɗinki ba, ki rufe adashe ɗaya da shi.

In a cikinku akwai wadda jinya ko ciyar da marayu suka jefa cikin bashi, ta sani cewa masu bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a rabon zakka. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi a jihar nan ta Sakkwato. Ku rubuta mata bayaninta, ku nemi limami ko mai unguwa ya shaida, ku raka ta.

Tambaya: Baba, matata ta kusa haihuwa, kuma ana bi na 80,000 na kuɗin haya. Wani dillali a Kara ya ce zai ba ni ragon suna bashi, in biya bayan wata biyu da ƙari. In karɓa?

Amsa: Kada ka karɓa, ɗana. Allah Ya sauke ta lafiya. Yankan suna abin so ne ga mai hali, suna kuma yana raɗuwa ko da rago ko babu, haƙƙin mai gida kuwa wajibi ne. Ka je wurin mahaifinka ko yayanka tun yanzu, tun ba a haihu ba, ka faɗa musu halin da kake ciki. In sun haɗa maka ɗan tunkiya ko akuya, alhamdu lillahi. In ba su iya ba, su ne za su tare maka bakin dangi ranar suna. Kuɗin da ke hannunka ka ajiye na asibiti.

Tambaya: Malam, ni ke bin bashin. Ina da shago a Babbar Kasuwa. Abokina tun na makarantar allo ya ɗauki kaya na 300,000, shekara guda ke nan. Ya daina ɗaukar wayata, in ya hango ni sai ya sauya hanya. Yarana na shago sun ce in kai shi wurin 'yan sanda.

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar maka da alheri. Kuɗinka haƙƙinka ne, ba wanda zai ce ka yi laifi don ka nema. Amma caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. In har abin ya kai ga ƙara, kotu ce wurinsa, kuma ina fatan ba za a kai can ba.

Ka fara gano wane iri ne abokin naka. In yana da shi yake ja maka rai, Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, sai ka sa manya su matsa masa. In kuwa karyewa ya yi, aya ta 280 ta Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Mutumin da ke sauya hanya in ya hango ka, ni na taɓa zama shi, kuma kunya ce ke kora ni. Mai niyyar cinyewa yakan tsaya ya yi maka musu.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Maliku ya nemi bashinsa wurin Ibnu Abi Hadrad a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi (SAW) ya yaye labulen ɗakinsa ya kira Ka'abu, ya yi masa nuni da hannu cewa ya sauke rabi. Ka'abu ya ce ya yi. Sai Annabi ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ban ce lallai ka yafe rabi ba, kai ka san nauyin shagonka da na masu ba ka kaya. Amma ka yanke a ranka abin da za ka iya saukewa, ko ribar da ka ɗora a kan kayan ce, kafin ku haɗu.

Ka nemi wani cikin waɗanda kuka yi allo tare, wanda ku duka kuke jin maganarsa, ya fara zuwa ya gaya masa cewa ba da faɗa za ka zo ba. Ku same shi a gida bayan Magariba, ba a kasuwa gaban mutane ba, kuma ka bar yaran shago a baya. Ka gaishe shi da iyali, ka tambayi abin da ya sami kayan. In ya faɗi abin da zai iya a wata, ko 10,000 ce, a rubuta, abokin naku ya sa hannu a matsayin shaida, kuma shi zai riƙa karɓa yana kawo maka.