Yayana yana so ya bar giya, ina zai sami 'yan'uwan da za su riƙe shi a Garwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayana ɗan acaɓa ne a nan Garwa ta Kamaru, ya kai shekara 8 yana shan arki (giyar gargajiya mai ƙarfi) da wiskin leda. Yanzu shi da bakinsa ya ce ya gaji. Na ji ana cewa akwai ƙungiyar waɗanda suka daina sha, suna taimakon juna, amma ban san inda zan same su ba. Kawunmu kuma ya ce a kai shi gidan wani mai magani a ƙauye, a kulle shi kwana 40 har giyar ta fita daga jikinsa. Kullum da safe hannunsa rawa yake yi sai ya kurɓa. Wallahi tsoro nake ji.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsoronki yana kan hanya, kuma rawar hannun nan ita ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Zan zo kan ƙungiya, amma bari in fara da maganar Kawu.

Don Allah kada a kulle shi. Mutumin da jikinsa ke rawa da safe sai ya sha, idan aka yanke masa giya farat ɗaya ba tare da magani ba, yana iya mutuwa. Cikin awa 6 zuwa 24 gumi da amai da bugun zuciya za su taso. Kafin kwana biyu yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan ruɗe gaba ɗaya, jiki ya yi zafi, su riƙa ganin ɓeraye da ƙwari suna bin bango, suna ihu. To a nan ne ake yin kuskuren da nake gani kusan kullum. Sai a ce aljanin giya ne ke fita, a ƙara hayaƙi, a ƙara ɗaure shi da mari, har a yi murna wai magani ya kama. Ƙwaƙwalwa ce da ta saba da giya shekara da shekaru ta birkice da aka janye mata. An taɓa kawo mana wani saurayi a bayan babur, ƙafafunsa duk shatin sarƙa, leɓɓansa sun tsage don ƙishirwa, kwana uku yana wannan hali ana ta yi masa turare. Mun samu ya tashi, amma ba kowa ke isowa da rai ba. Mai maganin kuwa ya riga ya karɓi akuyarsa da kuɗinsa, babu wanda zai tambaye shi.

Haka ma garin maganin da ake sayarwa a tasha wai a barbaɗa masa a miya bai sani ba. Ba ki san abin da ke ciki ba, hantarsa kuma ta riga ta jigata.

Addu'a ba na hana ta, ni ma ina yi. A yi ta a gefen gadon asibiti. Ki raka shi babban asibitin yanki na Garwa, ku nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ya faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha. Ana ba da diyazefam, maganin da ke kwantar da rawar jiki da jijjiga, a rage shi sannu a hankali cikin kusan mako guda, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Diyazefam ɗin ma ba na saye a kasuwa ba ne. Kafin ranar, kada a zubar masa da abin da ya rage ya kwana babu ko kaɗan.

Batun ƙungiya, a asibitin ne za ki fara tambaya, musamman wajen ma'aikatan jinya da jami'in jin daɗin jama'a, domin su suka san wanda ya warke kuma yake karɓar sababbi. Ki ambaci sunaye biyu. Alcooliques Anonymes, wadda ta fara a Amurka a 1935, ba a biyan kuɗin shiga, ba a neman cikakken suna, sharaɗinta kawai mutum ya so dainawa. Tana da zama na Faransanci ta intanet da zai iya shiga da wayarsa. Sai Croix Bleue, da aka kafa a Jeniba ta ƙasar Suwizalan a 1877, tana aiki a Kamaru da Chadi. Asalinta na Kirista ne, na faɗa miki don kada ya ji abin a bazata.

Na san abin da ke hana namu zuwa: kunya, kada a gan shi a ce ɗan gidan wane mashayi ne. Ki tuna masa sahabin nan da ake ta kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Idan bai sami zama a kusa ba, mutum biyu ma sun isa su fara. Ya nemi a haɗa shi da wani da ya shekara bai sha ba, su sa rana ɗaya a mako, su yi musayar lambar waya. Lokacin da ya fi buƙatar kiran shi ne bayan magariba, sa'ad da ya ajiye babur da kuɗin yini a aljihu, hanyarsa ta gida kuma ta bi ta gaban masu bilbil, wato burkutu.